Tambayi Baba Injiniya: Don me Amurkawa suka sa wa sarkin lilo nakiya?

Jama'a, assalamu alaikum. Wanga wata na so mu ci gaba da zancen famfon burtsatse mai aiki da sola, amma saƙonninku sun rinjaye ni. Wani bidiyo ne ya sake zagayowa a WhatsApp, na wata koriyar hasumiyar ƙarfe tana kifewa cikin ƙura a Amurka, kowa na son jin ba'asi. Na tsinto tambayoyin da suka fi nama. Famfo sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Baba Injiniya, barka da aiki. An ce abin da ke cikin bidiyon nan shi ne lilo mafi tsawo a duniya. Lalacewa ya yi ya faɗi, ko da gangan aka kayar da shi? In da gangan ne, mi ya yi zafi?
Daga ɗalibin kimiyya, Mabera

AMSA: Ɗana, da gangan ne. Masu shi ne suka ɗauko ƙwararrun rushe gini, aka ɗaura nakiya a ƙafafunsa, da sanyin safiyar 28 ga Fabrairu 2025 aka tayar da ita.

Sunansa Kingda Ka, kafin a rushe shi yana wurin shaƙatawa na Six Flags Great Adventure da ke garin Jackson a jihar New Jersey. Kada ka kawo lilon igiya a ranka. Jirgi ne mai ƙananan taragai da ke gudu a kan dogo, yana ɗaukar mutum 18. Kamfanin Intamin na Turai ne ya ƙera shi, aka buɗe shi a watan Mayu 2005. Daga tsaye cik, cikin daƙiƙa 3 da rabi yake kai gudun kilomita 206 a awa. In da akwai hanyar da za ta jure wannan gudu, kusan awa guda kake buƙata daga Sakkwato zuwa Gusau. Da wannan gudun ne yake miƙewa sama tsaye kyam ya hau hasumiya mai tsawon mita 139, wato kamar bene mai hawa 45, ya leƙa, ya sulmiyo ƙasa mita 127 yana murɗawa, ya haye wani tudu guda, birki ya kama shi. Duka-duka daƙiƙa 28. Mutum ya sha dogon layi don abin da bai kai rabin minti ba.

Ranar da aka buɗe shi ya riƙe kambu biyu, na tsawo da na gudu. Na gudu ya suɓuce masa a 2010, lokacin da aka buɗe Formula Rossa a Abu Dabi mai kilomita 240 a awa. Na tsawo kuwa yana hannunsa har ranar da aka rufe shi. Ke nan bai mutu don an fi shi ba.

Abin da kamfanin ya faɗa shi ne suna son fili don kafa wani sabo, cikin wani shiri na kashe sama da dala biliyan 1 a wuraren wasanninsu. Sun kuma ce an hau Kingda Ka fiye da sau miliyan 12. Ka lura da lokacin: a watan Yuli 2024 Six Flags ya haɗe da abokin gasarsa Cedar Fair suka zama kamfani guda, wata huɗu bayan nan aka rufe lilon. Duk wanda ya yi aiki a ma'aikata ya san abin da sabbin shugabanni ke fara yi. Littafin gyara suke buɗewa su ga wane inji ne ya fi cin kuɗi, wane ne ya fi kwana a tsaye. Ni a ganina nan gizo ke saƙa. Tun daga farko injin nan mai laulayi ne. Bai yi wata guda da buɗewa ba wani ƙarfe ya kwance a hanyar igiyar da ke jan shi, aka rufe har watan Agusta 2005. A 2009 tsawa ta faɗa masa, ya sake shafe watanni a rufe. Ko yayyafi aka fara sai a tsayar da shi, don a irin wannan gudu ɗigon ruwa ciwo yake yi a fuska.

Kan ajiye shi ban ga laifinsu ba. Inda na ga laifinsu shi ne rashin sallama. Ya yi aikinsa na ƙarshe ranar 10 ga Nuwamba 2024 ba tare da an gaya wa kowa a hukumance cewa na ƙarshe ke nan ba, sai ranar 14 ga wata aka fito da sanarwa, bayan an riga an kulle. Akwai mutanen da suka daɗe suna tara kuɗi don su je daga wasu ƙasashe su hau sau ɗaya. Da an ba su ko wata biyu, da babu wanda zai yi gunaguni, kuma kamfanin da ya sayar da tikiti ba kaɗan ba. Masoyansa sun ji haushi ƙwarai, kuma suna da gaskiya.

TAMBAYA: Maigida, ni bakanike ne, katafila da tifa nike gyara. An ce babu inji cikin taragon nan. To mi ke tura shi haka?
Daga wani bakanike, Kalambaina

AMSA: Ƙanena, wannan tambaya taka ita ta fi yi mani daɗi, don sana'armu ce. Abin da ke ɗaga bodin tifa shi ke harba Kingda Ka: man haidirolik. Bambancin, jak ɗin tifa yana karɓar mai daga famfo a hankali, shi kuwa wannan tara ƙarfin ake yi a sake shi gaba ɗaya.

A ƙarshen miƙaƙƙen dogon da jirgin ke gudu a kai akwai wani ɗaki. Cikinsa famfuna ne ke tura mai cikin wasu manyan tukwanen ƙarfe. Kowace tukunya a rabe take gida biyu, gefe guda mai, gefe guda iskar naitirojin, da fistin a tsakani. Mai na shiga, iska na matsewa. Ka san mai ba ya matsuwa, iska ce ke matsuwa, saboda haka ita ke riƙe ƙarfin. In lokaci ya yi sai bawul ya buɗe, iskar ta koro man da ƙarfin tsiya, ya bi ta cikin jerin motocin haidirolik da ke kewaye da wata ƙatuwar ganga. Gangar ta juya, ta naɗe igiyar ƙarfe. Igiyar tana ɗaure da wani ɗan keke da ke gudu cikin kwari a tsakiyar dogo, shi ke saƙale jirgin ta ƙasa ya fizge shi. Da an kai ƙarshen hanya sai keken ya ci birki, jirgin ya wuce abinsa. Daga nan har ya tsaya babu abin da ke tura shi sai gudun da ya kwaso da nauyinsa.

Yanzu ɗauko biro. Kilomita 206 a awa daidai yake da wajen mita 57 a daƙiƙa. Ka ninka 57 da kansa, ka raba da 19.6, za ka sami kusan 166. Ma'ana, in babu iska babu gogayya, wannan gudu zai iya cilla abu sama mita 166 ne kawai. Hasumiyar kuwa 139 ce, ga iska na tare shi, ga tayoyi na cin nasu rabo. Ka ga rarar ba ta da yawa. Da gangan aka yi haka, don in ya hau da gudun da ya wuce kima mutane za su sha wuya a can ƙololuwa. Kwamfuta ce ke duba gudun harbin da suka gabata tana gyara na gaba. Amma wata rana iska ta juyo, ko sanyi ya sa tayoyi da giris suka yi tauri, ko fasinjojin suka fi na baya nauyi, sai jirgin ya je dab da ƙololuwa ya kasa hayewa, ya dawo da baya.

Kada gabanka ya faɗi, an san da haka. A kan dogon akwai wasu faifan ƙarfe da ke nutsewa ƙasa lokacin harbi, su taso da zarar jirgin ya wuce. A ƙarƙashin taragai kuma akwai maganaɗisu masu ƙarfi. In jirgin ya dawo, faifan su ratsa tsakanin maganaɗisun, sai wata wuta ta haihu cikin faifan ta riƙa ja da baya, jirgin ya rage gudu ba tare da wani abu ya taɓa wani ba. Babu abin da ke cinyewa, kuma ba ya jiran lantarki. Masu son lilon har addu'a suke yi ya dawo da su baya, don za a sake harba su kyauta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

To kai da ke kwana cikin mai, lissafa mani abin da ke iya lalacewa: tiyo, sil, bawul, famfo, tace mai, sanyaya mai, boris ɗin ganga, ga uwa uba igiya wadda kowane harbi ke gasa ta. Tiyo guda ya yi yoyo a katafila, aiki ya tsaya. Nan kuwa ran mutum 18 ne a kai, kowane ɗan motsi da kwamfuta ba ta gane ba sai ta kulle komai. Shi ya sa masu ƙera lilo suka koma harbi da maganaɗisun lantarki. Ana jera su a kan dogo, suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya suna jan jirgin, babu igiya babu mai. Ba su da fizga irin ta haidirolik a gajeriyar hanya, amma ba sa kwana a gareji.

TAMBAYA: Baba, ko ya kashe wani ne suka ɓoye?
Daga wata malamar makaranta, Runjin Sambo

AMSA: Malama, ba hatsari ne dalilin da aka bayar ba, kuma a Amurka abu irin wannan ba ya ɓoyuwa, lauyoyi da 'yan jarida na nan a tsaye. A 2012 dai tsuntsu ya taɓa bugun wani yaro yana kai, aka kai shi asibiti da ɗan rauni.

Amma 'yan uwansa sun ba masu shi abin tunani. Yayansa, Top Thrill Dragster na wurin shaƙatawar Cedar Point a jihar Ohio, wanda aka buɗe a 2003 mai tsawon mita 128, irin injinsu ɗaya. A watan Agusta 2021 wani ƙarfe ya fita daga jikin jirginsa yana cikin gudu, ya sami wata mata da ke tsaye a layi a kai, ta ji mummunan rauni. Aka rufe shi, aka cire haidirolik aka sa na maganaɗisu, aka sake buɗe shi a 2024 da sunan Top Thrill 2. Yanzu sai an tura shi gaba, baya, sannan gaba kafin ya haye abin da da yake hayewa da fizga ɗaya. A Japan ma akwai Do-Dodonpa, wanda ke kai kilomita 180 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 2. An dakatar da shi a 2021 bayan wasu da suka hau sun sami karaya, a 2024 aka ce ba zai dawo ba.

TAMBAYA: Injiniya, ni wanga abu ɓarna na gani. Motoci da firji da injin niƙa duk kwance muke saye daga Turai. Don mi ba su sayar muna da shi ba, a kafa shi nan Sakkwato yara su samu na Sallah?
Daga wani ɗan kasuwa, Tsohuwar Kasuwa

AMSA: Alhaji, ranka ya daɗe, hankalin kasuwa ne ya yi magana, kuma ba ka yi nisa da gaskiya ba. Ana sayar da lilo na hannu a duniya, a kwance shi a wata ƙasa a ɗaura a wata. Amma ƙanana da matsakaita ne. Wannan an kashe dala miliyan 25 wajen gina shi a kuɗin 2005, kuma kwance hasumiya mai mita 139 guntu-guntu yana buƙatar irin kuran ɗaga kaya da ba ko'ina ake samun su ba, da watanni na aiki. Nakiya ta fi araha, shi ya sa suka zaɓe ta.

A ce ma kyauta suka ba mu, har da kuɗin jirgin ruwa. Harsashinsa ba ya tafiya da shi, sai an haƙa sabo an zuba. Sai wuta: famfunan nan ba janareton shago ke ɗaukar su ba. Sai zafi: a watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40, man haidirolik kuwa in ya yi zafi tsinkewa yake yi, sil ya saki. Sai hazo, wanda ba shi da abokin gaba kamar bawul da boris. A Abu Dabi duk wanda zai hau Formula Rossa sai an ba shi tabarau na kariya saboda yashi da ƙwari. Sai kayan gyara, waɗanda ba a Kano ba a Legas, sai an yi oda daga wurin maƙerinsa da kuɗin waje. Masu shi da ke da duk waɗannan a hannu su ne suka ce sun gaji. In ya zo nan, Sallah biyu zai yi, ta uku 'yan gwangwan su fara zagaye shi da sikeli.

TAMBAYA: Baba, ni ba ruwana da na Amurka. Duk Sallah yarana sai sun matsa mani in kai su lilo, ni kuwa gabana faɗuwa yake. Yaya zan gane mai lafiya?
Daga wata uwa, Arkilla

AMSA: Ɗiyata, taki ce tambayar da ta shafe mu. Can ana yi wa inji ritaya yana kan aiki. Nan sai ya faɗi da kansa, kuma ko ya faɗi a kira mai walda.

Ƙarfen da ake lanƙwasawa ana saki dubban sau gajiya yake yi. Yana farawa da tsaga siririya wadda ido ba ya gani, galibi a bakin walda ko kusa da ramin noti, tana ci a hankali har ranar da sauran naman ƙarfen ya kasa ɗaukar nauyi. Ba ya ba da sanarwa. A manyan wurare ana kwance taragai lokacin da aka rufe don sanyi, a shafa wa ƙarfe wani jan ruwa da ke shiga tsaga ya tona ta, ko a duba cikinsa da na'ura. Wata shekara ana gobe Sallah wani mai lilo ya kira ni in duba masa injin lilonsa da ke ɗaukar zafi. Ina cikin dubawa na ga sandar tsakiya, wadda duk kujerun ke rataye a kanta, an bi tsaga da walda an shafe da sabon fenti. Na ce masa kada yaro ko ɗaya ya hau sai an canja ta. Ya ce mani Injiniya, ai bara ma haka ta yi aiki. Ya biya ni kuɗin aikina, sanda kuwa na bar ta yadda na same ta. Tun ranar sabon fenti ba ya burge ni.

Ke ba injiniya ba ce, amma idonki ya isa ya ga abubuwa da yawa. Kada ki sa yaro a zagayen farko. Ki tsaya ki kalli biyu ko uku, kunnenki a buɗe. Ƙara mai tafiya daidai ba komai, amma ƙwanƙwasa ko kukan ƙarfe da ke dawowa a wuri guda kowane zagaye alama ce. Dubi ƙafafun lilon: a kan kankare suke da noti, ko an tokare su da bulo da guntun katako? Suna ɗagawa in ya ɗauki gudu? Dubi inda kujera ke rataye. In kika ga ƙusa ko waya a inda ya kamata a ga fin da makullinsa, ki ja yaranki ku tafi. Ki ja ƙarfen da ke tare cikin yaro da hannunki ki ji ko ya kulle. Ki dubi wayar wuta daga janareto, kada a ce a ƙasa take an naɗe ta da leda inda yara ke takawa ba takalmi.

Sannan ki dubi mai tuƙin. In yaro ne da waya a hannu, ko shi ke karɓar kuɗi shi ke kunnawa shi ke korar masu kutse, to babu mai kallon lilon. In ana cusa yara uku a kujerar biyu don layi ya yi tsawo, nan ma haka. Kingda Ka da duk tsaronsa ba ya ɗaukar wanda bai kai santimita 137 ba, don abin da ke riƙe mutum an auna shi ne da girman jiki. Saboda haka in mai ƙofa ya ce ɗanki ya yi ƙanƙanta, kada ki roƙe shi, kada kuma ki ɗora ƙaramin a cinyar yayansa. Ranar Sallah ta farko da yamma ita ta fi cunkoso, in za ki iya ki bari sai kashegari da hantsi.

TAMBAYA: To yanzu wa ke riƙe da kambun?
Daga wani matashi, Gawon Nama

AMSA: Ya koma Saudiyya, ɗana. A ƙarshen Disamba 2025 aka buɗe Six Flags na Ƙiddiya, wajen kilomita 40 daga Riyad, kuma can ne Falcons Flight yake. Intamin ɗin nan dai su suka ƙera shi, amma da harbin maganaɗisu. Gudunsa kilomita 250 a awa, dogonsa ya haura kilomita 4, kuma maimakon su dogara da hasumiya kaɗai sai suka hau da shi kan dutsen Tuwaiƙ suka sako shi daga can. Tsawo, gudu da nisa duk ya haɗa.

Kafin wani ya ce zai leƙa in ya je Umara: daga Makka zuwa Riyad ya fi kilomita 800, ba unguwa ba ce. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon baya ko wuya, da mai juna biyu kuma, ko sun je ƙofa za a nuna masu allon da ya hana su. Ni biyu daga ciki sun same ni, don haka sai dai in riƙe maku takalma.